GeoGebra, Desmos ko Graph: wacce malamin lissafi zai ɗora a waya, wacce a laftof?

Ranar wata Asabar ina zaune a ƙofar gida a nan Katsina, wata tsohuwar ɗalibata da yanzu take koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Daura ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, makarantarmu ta samu majigi ɗaya da wata tsohuwar laftof. Data kuma daga aljihuna take fita. Wace manhaja zan sauke da za ta riƙa zana mini giraf da siffofin jometiri, wadda ba za a ce in biya ba?" Na ce mata GeoGebra, muka yi sallama. Sai da na kwanta da dare na ga na yi mata rowar amsa, domin ni kaina ba ita kaɗai nake aiki da ita ba. Akwai aikin da nake zaro waya in buɗe Desmos, akwai kuma wanda nake komawa ga wata tsohuwar manhaja mai suna Graph, wadda yawancin matasan malamai ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Tambayar tata ta haɗa ayyuka biyu ne a buhu ɗaya, kuma ba kowace manhaja ce ta iya duka biyun ba. Na farko zana giraf: ka rubuta ƙa'idar da ta ɗaure y da x, kwamfuta ta fitar maka da layin. Wannan kusan kowacce tana yi, bambancin yana wajen sauri, da tsabta, da yadda take barin ka juya sikeli. Na biyu shi ne jometiri, kuma a nan ne ake yaudarar mutane. Akwai zana siffa, akwai gina ta. In ka buɗe Word ka jawo layuka huɗu suka yi kama da murabba'i, zane ka yi. Kama kusurwa ɗaya ka ja, nan take ya karkace ya zama wani abu dabam. Amma in ka gina shi kamar yadda ake yi da rula da kamfas, kowane layi ya san dalilin zamansa a inda yake, to duk yadda ka ja kusurwar sai dai ya girma ko ya ƙanƙance ko ya juya, amma yana nan murabba'insa. Duk manhajar da aka kawo mini aka ce ta jometiri ce, gwajin da nake fara yi mata ke nan: in gina, in ja, in ga ko za ta rushe.

Bari in fara da giraf, da irin tambayar da WAEC da NECO ba sa gajiya da ita. A ɗauki y = 2x² − 3x − 5. A Desmos, kafin ka gama bugawa layin ya riga ya fito, yana sauyawa da kowane harafi da ka ƙara. Ka taɓa lanƙwasar da yatsa, wasu ƙananan ɗigo masu ruwan toka su bayyana a wuraren da suka dace: inda ta ratsa layin x, wato −1 da 2.5, da gindinta a x = 0.75, y = −6.125. Ka ƙara y = x + 1 a layi na biyu, ta nuna maka mahaɗarsu a (−1, 0) da (3, 4). Ba ka nemi komai a cikin wani jerin umarni ba. Sannan in ka goge lambobin ka rubuta y = ax² + bx + c, da kanta za ta tambaye ka ko a yi wa a da b da c maɓallin ja, irin wanda kake zamewa hagu da dama lambar tana sauyawa. Ranar da na fara nuna wa 'yan SS2 wannan, na riƙa jan a daga 3 zuwa ƙasa a hankali, ƙwaryar tana buɗewa tana buɗewa, ta miƙe ta zama layi a kan sifili, sannan ta kife. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ashe kifewa take yi!" Shekara guda ina faɗa musu cewa in a ta zama ƙasa da sifili farabola tana kallon ƙasa, suna rubutawa a littafi. Gani ya kori ji.

GeoGebra tana yin duk wannan, har da maɓallin jan, har da ɗigon da ke nuna wurare na musamman. Sai dai a waya, musamman mai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin wadda yawancinmu muke riƙewa, na fi jin nauyinta wajen buɗewa, kuma fuskarta ta fi cunkoso. A tseren wa zai fara nuna wa ɗalibi giraf cikin daƙiƙa goma a tsakar aji, Desmos nake ba wa. Ba mamaki, domin don wannan aikin aka yi ta tun asali. Eli Luberoff, wanda ya karanta lissafi da kimiyyar fiziks a jami'ar Yale ta Amurka, shi ya fito da ita a 2011 a matsayin kalkuletar giraf ta cikin burauza, a ƙasar da ake tilasta wa iyaye sayen kalkuleta mai tsada. Yau ita ce aka saka a cikin jarrabawar SAT ta kwamfuta, wadda ake yi don neman shiga jami'o'in Amurka, don haka duk ɗalibin da ke da niyyar zana wannan jarrabawa, ba shi da zaɓi sai ya saba da ita.

Inda GeoGebra take shan gabanta a wannan fage shi ne aljabara. Desmos lamba take ba ka, ba ta warware maka komai da haruffa. In ka nemi saurin sauyawar 2x² − 3x − 5 za ta zana maka layin daidai, amma ba za ta rubuta maka 4x − 3 ba. GeoGebra tana da sashen da ake kira CAS, wanda zai rubuta maka wannan, ya fasa maka ƙa'idar zuwa (2x − 5)(x + 1), ya bar maka √13 a matsayin √13 maimakon 3.606. Mai koyar da lissafin zurfi a SS3, ko ɗalibin NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, ko ɗan ajin farko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke fama da kalkulas, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a wurinsa.

Akwai rami guda da kusan kowa ke faɗawa a makon farko, kuma na faɗa shi a gaban aji. Na rubuta y = 3 sin x + 2 cos x, na saita layin x daga 0 zuwa 360, ina jiran igiyar ruwa guda mai kyau. Abin da ya fito kamar haƙoran zarto, sama da hamsin, a matse. Yara suka yi tsit, ni ma na yi tsit. Dalili shi ne waɗannan manhajoji da radiyan suke auna kusurwa in ba ka ce musu komai ba, mu kuwa a sakandare da digiri muke aiki. A Desmos sai ka taɓa alamar sifana da ke kusurwar sama ka zaɓi digiri, a nan ne kuma za ka sa tazarar layin x ta zama 30 ko 60. A GeoGebra hanya mafi sauƙi ita ce ka sa alamar digiri a jikin x ɗin, ka rubuta sin(x°). A Graph yana cikin saitin layukan x da y. In ka gyara, igiyar za ta fito guda ɗaya, ƙololuwarta wajen 3.61 a kusan digiri 56.3. Ɗan'uwan wannan ramin shi ne log. A Desmos log na goma ne, a gnuplot da Maxima na e ne. Kada ka dogara da tunawa: duk manhajar da ka buɗe, buga log(100). In ta ce 2, na goma ne. In ta ce 4.605, ka san inda kake.

Yanzu jometiri, inda maganar ta fi tsawo.

Darasin da na fi so a shekara shi ne na rijiyar burtsatse. Gidaje uku ne a ƙauye, aka ce za a haƙa burtsatse ɗaya, kowane maigida ya ce bai yarda matansa su fi na wani tafiya ba. Ina za a haƙa? A GeoGebra ina sa gidajen a A(0, 0), B(8, 0) da C(2, 6). Ina ɗauko kayan aikin da ke raba layi biyu daidai a tsaye, wanda a manhajar aka rubuta wa Perpendicular Bisector, in taɓa A da B, in taɓa B da C. Inda layukan biyu suka haɗu, (4, 2), nan ne rijiya. In zana da'ira daga nan ta bi ta kan A, sai ga ta ta bi ta kan B da C ma, tazarar kowanne 4.47. Har nan allo da alli ma za su iya. Abin da allo ba zai iya ba shi ne na gaba: in kama gidan C in riƙa jawo shi ƙasa. Rijiyar tana saukowa tare da shi. Daidai lokacin da kusurwar C ta cika digiri 90, rijiyar ta hau kan layin AB, a tsakiyarsa cif. In ƙara jawowa zuwa (2, 2), rijiya ta fice daga tsakanin gidajen gaba ɗaya, ta koma (4, −2), bayan gari. A nan ake samun gardama. Wata shekara wani ɗalibi ya miƙe ya ce, "Malam, wallahi kwamfutar ta yi kuskure, ya za a yi adalci ya kai rijiya daji?" Na ba shi linzamin na ce ya auna da kansa. Ya auna uku, duka daidai. Ya zauna yana girgiza kai. Wannan yaron bai sake mance cewa cibiyar da'irar da ke kewaye alwatika tana iya faɗawa waje ba.

Irin wannan ne GeoGebra ta fi kowa. Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, kuma sunan kansa haɗin jometiri da aljabara ne. Ma'anar haɗin a aikace ita ce duk abin da ka zana a dama, ƙa'idarsa tana fitowa a hagu, in ka sauya ƙa'idar zanen ya motsa, in ka ja zanen ƙa'idar ta sauya. Da'irar rijiyar nan, a gefe za ka ga an rubuta (x − 4)² + (y − 2)² = 20. Ɗalibin da ya ɗauka jometiri da aljabara gidaje biyu ne da ba sa ga maciji, a nan yake ganin ɗaki ɗaya suke kwana.

Tana da wasu abubuwa biyu da nake ganin malamin WAEC bai kamata ya rasa ba. Ɗaya shi ne bin sawun ɗigo. Ka ɗaure tunkiya a turke da igiya mai tsawon mita 4, ka kunna sawu, ka zagaya da ita, da'ira ta fito. Ka sa turken a kusurwar ɗaki, igiyar ta riƙa naɗewa a bango, siffar ta sauya. Tambayar lokus da ke firgita yara a takardar jarrabawa ba ta wuce wannan ba. Ɗayan kuma shi ne tana ajiye tarihin ginin mataki-mataki, akwai maɓallin gaba da baya. Ka gina kusurwar digiri 60 da kamfas, ka raba ta ka sami 30, ka haɗa 90 da rabin 30 ka sami 105, duk a gida cikin natsuwa. A aji sai ka riƙa danna gaba, baka ɗaya na fitowa bayan ɗaya, yara suna bi da nasu kamfas a littafi. Wanda ya ɓace a mataki na huɗu, ka koma masa baya ba tare da ka goge allo ba. Mai aji na mutum tamanin ya san darajar wannan.

Desmos ma tana da sashen jometiri, kuma ba na wasa ba ne. Yana da kamfas, da tsakiyar layi, da layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani, da juyawa da madubi da faɗaɗawa, kuma ya ci gwajin ja. Fuskarsa ta fi ta GeoGebra sauƙi, ɗan JSS zai gane shi cikin minti biyar. Tun 2023 kuma sun ƙara na siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi. Amma ni ta burauza nake buɗe shi, wato sai da data, kuma kayan aikinsa ba su kai na GeoGebra yawa ba. Wanda yake da intanet a wadace zai ji daɗinsa. Malamar da ke Daura ba ta cikin waɗannan.

Wannan ya kawo mu ga abin da a ƙasarmu yake yanke hukunci fiye da kyan manhaja: wuta da data. Manhajar Desmos ta giraf da ake saukewa a wayar Android ko iPhone tana aiki ba intanet, wannan gaskiya ne kuma abin yabo ne. Sai dai in kana son ajiye abin da ka zana don gobe, sai ka buɗe asusu, kuma a can wurinsu ake ajiyewa. A laftof kuwa ta burauza ake shiga. Ranar da sabis ya yi ƙasa, darasinka yana can sama ba ka iya sauko da shi. GeoGebra ana girka ta a kwamfuta gaba ɗayanta, ta yi aiki ko an shekara ba a haɗa ta da intanet ba. Aikinka yana zama ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ggb, wanda za ka tura ta WhatsApp, ko Xender, ko ka sa a filashi. Akwai ma nau'in da ba ya buƙatar girkawa, daga filashin yake tashi, wanda ke da amfani a ɗakin kwamfutar makaranta inda aka kulle injinan ba a barin kowa ya saka komai. Mutum ɗaya ya sauke, malamai goma su kwafa.

Sai dai GeoGebra tana da abin da ke rikita baƙo: ba guda ɗaya ba ce. In ka je saukewa za ka tarar da ta giraf dabam, ta jometiri dabam, ta siffofi masu zurfi dabam, ta CAS dabam, ga wata Calculator Suite da ta haɗa su, ga Classic 5, ga Classic 6. Na ga malamin da ya sauke ta giraf kaɗai ya yi ta neman kayan jometiri, ya ƙare da cewa manhajar ba ta da kirki. Shawarata a taƙaice: a waya, Suite. A laftof, Classic. Tsakanin 5 da 6, ni 5 nake riƙe da ita, tsohuwar da aka gina da Java, domin ta fi ba ni iko wajen fitar da zane zuwa takarda. Fuskarta ta tsufa, amma ban zo kallon fuska ba. Wani ƙaramin tarko kuma: in ka rubuta A = (2, 3) da babban baƙi, ɗigo za ta ba ka. In ka rubuta a = (2, 3) da ƙarami, kibiya za ta zana daga tsakiya, domin ta ɗauka bekta kake nufi.

Tunda na ambaci takarda, wannan shi ne aiki na uku da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne wanda malami ya fi yi: shirya tambayoyin jarrabawar zango. Kowa ya san irin takardar da ake kai wa mai buga takardu a bakin kasuwa, a bar fili a ce "malam zai zana da hannu", ko a zana da'ira ta fito kamar ƙwan zabuwa. Af, ƙwan zabuwar nan ma yana faruwa a manhaja, in sikelin x da na y ba ɗaya ba ne. In za ka zana siffa, tabbatar an saita su ɗaya da ɗaya. A Classic 5 kana iya cewa kowane taki ɗaya ya fito santimita ɗaya a takarda, ta yadda ɗalibi zai ɗora rula a kan abin da aka buga ya auna ya sami daidai, muddin mai bugawa bai ƙanƙance shafin ba. Tana fitar da hoto iri-iri, har da lambar TikZ ga masu rubuta kundin digiri da LaTeX, manhajar tsara rubutun lissafi.

A nan ne Graph take shigowa. Wani ɗan ƙasar Denmak, Ivan Johansen, shi ya rubuta ta, ta Windows ce, ƙarama ce ƙwarai, kuma laftof ɗin da ke nishi in an buɗe burauza zai ɗauke ta ba tare da ya ji ba. Ba ta san jometiri ba sam, kada ma ka nema. Ba ta da kwalliya. Abin da ta iya shi ne fitar da giraf fari da baƙi mai tsabta, irin na littafin makaranta, ka saita tazarar kowane layi da ta ragar bayansa yadda kake so, ka yi inuwa a yankin da rashin daidaito ya nuna, ka ja layin da ya shafi lanƙwasa a ɗigo guda. Ana iya dasa zanenta a cikin Word ta yadda in ka danna shi sau biyu zai buɗe a gyara shi a nan. Wurin da na fi gode mata shi ne ojib, lanƙwasar tarin adadi da ake nemo tsaka-tsaki da ita. Ka zuba ɗigoginka, ka ce ta haɗa su da lanƙwasa mai santsi maimakon layuka miƙaƙƙu, ta yi. A Desmos haɗa ɗigon tebur yana ba ka karyayyen layi ne, wanda in ɗalibi ya kwaikwaya a jarrabawa zai rasa maki. Aibinta shi ne ta daɗe ba ta sauya ba, kuma babu ta a waya.

Sai maganar kalmar "kyauta", wadda take da fuska biyu. Akwai kyautar da ba ka biya ba amma kayan na mai shi ne, akwai wadda aka sakar maka har da lambar da aka gina ta da ita, ka kwafa, ka gyara, ka raba. Desmos irin ta farko ce. A 2022 kamfanin Amplify ya sayi ɓangaren darussanta, kalkuletocin suka koma ƙarƙashin wani kamfani mai suna Desmos Studio, suna nan kyauta, amma a hannunsu suke. Graph irin ta biyu ce, tana ƙarƙashin lasisin GPL. GeoGebra tana tsakiya: lambarta a buɗe take, amma manhajar da kake saukewa kyauta ce ga wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba. Malami a aji, ɗalibi a gida, ba matsala. Amma wanda zai cika littafi da zanenta ya buga ya kai kasuwa, ya karanta sharuɗɗan tukuna, domin masu wallafa don sayarwa ana son su nemi izini. Na san malamai da yawa da ke haɗa ɗan littafin bita suna sayarwa, shi ya sa na faɗa. A ƙarshen 2021 kamfanin Byju's na Indiya ya sayi GeoGebra, daga baya shi kansa ya shiga matsalar kuɗi mai tsanani. Manhajar ba ta daina aiki ba, amma tun lokacin nake ajiye fayil ɗin girkawa a filashi biyu, ɗaya a gida ɗaya a makaranta.

Akwai sauran da za a ji sunansu. Gnuplot, wadda Thomas Williams da Colin Kelley suka fara a 1986, ba a danna komai a cikinta, umarni ake rubutawa. Ta dace da mai bincike da ke da lambobi dubbai daga ɗakin gwaji, ba ɗan SS1 ba. In ka gwada ta, ka sani x² ana rubuta shi x**2, kuma 1/2 a wurinta sifili ne sai ka rubuta 1.0/2, abin da ya taɓa cinye mini yamma guda. Maxima jikar Macsyma ce da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, gwanar aljabara ce, giraf a wurinta aikin gefe ne. Kig da KmPlot na masu Linux ne, ɗaya jometiri ɗaya giraf. C.a.R. ta René Grothmann da 'yarta CaRMetal suna gina siffa da kyau ƙwarai, amma in ka maƙale da wuya ka sami wanda zai fitar da kai a kusa, alhali GeoGebra ko a YouTube ka nema za ka ga darasi ba iyaka. Geometer's Sketchpad da Cabri su ne tsofaffin gidan nan, da kuɗi aka san su, shi ya sa ban sa su a layi ba.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: GeoGebra tana sauya harshe har da sunayen umarninta. Wani abokin aiki daga Maraɗi ya turo mini fayil da ya gina da Faransanci, na buɗe a tawa ya fito da Turanci, ba abin da ya ɓace. Tana da Larabci ma, ga malaman makarantun Islamiyya masu sashen kimiyya. Kuma Classic tana da shafin tebur irin na Excel, wanda nake sa yara su gina hatimin lambobi a ciki, mai gida tara da kowane layi ke ba da 15, da mai gida ashirin da biyar da ke ba da 65. Ina amfani da damar in gaya musu cewa wani malamin ƙasar nan, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai masu gidajen mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaran Katsina kan gyara zama in sun ji haka.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake. Ranar WAEC babu Desmos babu GeoGebra. Akwai takardar giraf, da fensir, da rula, da kamfas ɗin da ƙafarsa ke sakewa. Tambaya za ta ce santimita 2 ga taki 1 a layin x, santimita 2 ga taki 5 a layin y, kuma mai duba takarda yana neman bakunan kamfas ɗin da ka bari, in ka goge su maki ya tafi. Na taɓa yin zango guda ina ta nuna majigi, yara suna jin daɗi, aka zo gwaji rabinsu ba su iya cike teburin x da y ba. Laifina ne. Yanzu tsarina shi ne su fara cike tebur da hannu, su zana a takarda, sannan in kunna majigi kowa ya gwada nasa da na allo. Wanda gindin farabolarsa ya yi tsini kamar bakin mashi, da idonsa zai ga cewa a zagaye yake.

Da na sake kiran malamar washegari, ga abin da na ce mata. A laftof ɗin makaranta ta sa GeoGebra Classic 5, ita ce uwar ɗaki, da ita za ta yi jometiri da duk darasin da ta shirya tun daga gida. Ta ƙara Graph a gefe don ranar buga tambayoyi, tunda ba ta cin wuri. A wayarta ta sa Desmos, don lokacin da ɗaliba za ta tare ta a baranda da tambaya, kuma ita ce za ta ce wa masu waya a gida su sauke, domin ba ta buƙatar a koya wa kowa. In wurin wayar bai isa biyu ba kuma jometiri ya fi damunta, ta bar Desmos ta ɗauki Suite. Ta ce, "Malam, datar fa?" Na ce kada ta sauke komai na laftof. Ranar Litinin na kwafa su a filashi, na haɗa da fayil ɗin rijiyar burtsatse da na kusurwar 105, na kai tasha na ba direban motar Daura.

Bayan sati biyu ta turo mini hoton allo. Ta sauya gidajen uku ta sa musu sunayen unguwannin da 'yan ajinta suka fito, rijiyar kuma ta faɗa bayan makaranta. A ƙasan hoton ta rubuta cewa an ɗauke wuta ana tsakiyar jan gidan C, majigi ya mutu, sai 'yan matan suka taso suka kewaye laftof ɗin, su sittin da wani abu, har batirin ya ƙare.